Yaron Oga Mai Kwana Cikin Tayoyi

Shekarar da na bar aikin sito na sayi tsohuwar janwe, motar jan motoci, wanda ya fi ba ni aiki wani Ibo ne mai filin sayar da motoci a nan Amurka, a kan titin Gate City Boulevard, kusa da wani gidan wankin kaya. Kowa Oga yake ce masa, ni ma haka. Motocin da suka yi haɗari yake saye a gwanjo. Masu gyaruwa a gyara a sayar a nan, sauran a cusa su cikin kwantena a tura Legas. Ni ke zuwa in jawo masa su. A Jos ya girma, Hausa a bakinsa kamar tawa, kuma ni dai bai taɓa yi mini ko kallon banza ba. In azumi ya zo, shi ke kora ta gida da wuri, wai kar in sha ruwa a kan titi.

Ranar da na fara ganin yaronsa ana irin zafin garin nan mai ɗanko, wanda ke manne wa mutum riga a baya. Ina sauke mota a bakin fili sai na ji ƙara, fyau, fyau. Na waiga. Wani saurayi ne dogo siriri, bai wuce ashirin da 'yan kai ba, yana tsaye gaban buɗaɗɗen bonet, hannayensa a baya, Oga na tsula masa fambel, bel ɗin robar injin mota, a wuya da kafaɗa. Bai kare ba, bai matsa ba. Duk saukar bel ɗin sai ya runtse ido ya ce, "Sori, sa." Laifinsa shi ne ya haɗa wayoyin batir a juye.

Na ce, "Haba Oga! Ya isa mana."

Ya juyo yana haki, ya yi mini murmushi kamar ba shi ba. "Malam, sannu da hanya. Bar ni da shi, yarona ne, daga gida na kawo shi. Aiki nake koya masa."

Bayan 'yan kwanaki Oga ya haɗa ni da shi zuwa gwanjo, ya taya ni ɗaure mota. Muka yi nisa a hanya. Matata ta kira, muka yi magana da Hausa, ta ce in sayo attarugu, na kashe waya. Sai na ji daga gefena an ce, "Malam, kar ka manta da attarugun Anti."

Saura kaɗan in hau kan motar da ke gabana. Ashe haifaffen Sabon Garin Kano ne. A can ubansa ya yi shagon kayan mota har ya rasu, uwar ta kwashe su suka koma ƙauyensu. Wata Kirsimeti Oga ya je gida, 'yan gari ɗaya ne, sai dangi suka zauna, aka fasa goro, aka damƙa masa yaron. Haka al'adarsu take, na san ta tun a Kano, amma ranar na ji ta daga bakin wanda ke cikinta. Yaro zai yi wa ubangida hidima shekaru, ba albashi, ci da sha da makwanci na kan ubangida. Zai koyi ciniki, ya san inda ake saro kaya, ya san mutane. In wa'adi ya cika, sai a sallame shi da jari, ya buɗe nasa. Ya lissafa mini manyan 'yan kasuwar garinsu da suka bi ta nan. Yana faɗa idonsa na ƙyalli.

"Ranar da zan taho," in ji shi, "mamata rawa ta yi a tsakar gida. Yaran wasu Onitsha ake kai su, ni Amurka."

Na tambaye shi inda yake kwana. Ya ce a ɗakin bayan ofis, inda ake jibge tayoyi. An sa masa katifa a tsakaninsu, shi ne mai gadi kuma. Warin roba ya kama kayansa har ya daina jin sa. Fasfonsa yana wurin Oga, wai don kar ya ɓata. Abinci matar Oga ke aiko masa a kula, in ta tuna.

Tun daga ranar, duk tafiyar da za mu yi sai matata ta ƙara malmala biyu a kwano. Yana son miyar kuka ƙwarai. Ya ce rabonsa da ita tun wata maƙwabciyarsu a Kano.

Dukan bai tsaya ga fambel ba. Na ga an jefe shi da filaya ta fasa masa gira. Na ga an shaƙe shi da kwalar riga an buga bayansa da ƙofar kwantena don kwastoma ya tafi bai saya ba. Oga na yi yana zagi da yarensu, in ya gama kuma sai ya shiga ofis ya ɗauko lemo mai sanyi ya miƙa masa, ya ce sha. Yaron ya karɓa da hannu biyu, jini na bin gefen fuskarsa, ya ce, "Tankiyu, sa."

Ran Lahadi ba a buɗe fili, amma shi ba shi da hutu. Bayan coci Oga kan tafi da shi gidansa a Summerfield, ya yanke ciyawa, ya wanke motoci. Wata Lahadi na kai mota can. Gida ne babba, filinsa har ba ka ganin iyakarsa, dawakin maƙwabta na kiwo a bayan shinge. Ɗan Oga na fari, kusan sa'an yaron, yana wasan ƙwallon kwando a bakin gareji. Uban ya daka masa tsawa ya kawar da kekensa daga hanya. Ɗan ya amsa da Turanci cewa a daina yi masa ihu, ya jefar da ƙwallon, ya shige gida ya bugo ƙofa. Oga ya tsaya yana huci. Sai ya juya, ya nufi yaronsa da ke durƙushe yana zuba wa injin yankan ciyawa mai, ya sa ƙafa ya haure shi a haƙarƙari. Yaron ya kife a kan ciyawa, man ya malale masa a wando.

"Me kake kallo?" Oga ya ce masa. Alhali ko ɗago kai bai yi ba.

Da muka keɓe na yi wa Oga magana, ba sau ɗaya ba. Wata rana ya ɗage rigarsa ya nuna mini wani tabo dogo a gadon bayansa. "Ubangidana ne ya yi mini, da wayar kulochi. A ƙarƙashin kantar shago nake kwana a lokacin. Dubi inda nake yau. Malam, ka san yadda garin nan ke lalata yara. Nawa sun fi ƙarfina, in na taɓa su 'yan sanda za su kira mini. Wannan kam ba zan bari ya lalace a hannuna ba."

Na ce, "Kashe shi za ka yi."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Ba ya mutuwa. Ibo ne."

Farkon sanyi Oga ya saki bonet a kan hannun yaron, da gangan, don ya daɗe bai gano inda ruwa ke yoyo ba. Da na iso na tarar yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi, ɗaya ya karkace, yana aiki da hagu. Na ce asibiti. Ya ce a'a, za su yi tambaya. Na kai shi gidana a Glenwood, matata ta kira maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato, ta zo da kayan aikinta. Da ta ja yatsan don ta daidaita shi, ya cusa bakin rigarsa a baki ya cije, hawaye na zuba, bai yi ƙara ba. Ta ɗaure ta gama, sannan ta ɗaga rigarsa ta ga bayansa.

"Ƙanena," ta ce, "wannan ba koyon sana'a ba ne. A ƙasar nan laifi ne babba. Ka bar ni in kira waɗanda za su taimake ka."

Ya zame daga kujera ya durƙusa a gabanta. "Anti, don Allah. Na ci fiye da rabin wa'adina. In na tafi yanzu, duk ya tashi a banza. Kuma a gida za a ce na ɗaure ubangidana. Ba wanda zai sake ɗaukar ƙannena."

Ta kalle ni, na kalle ta. Ta rubuta masa lambarta a kan bandejin, ta tafi tana share ido.

Abin ya faru wata safiya ana lodin kwantena. Yadda ake yi, ana ɗaga gaban mota ɗaya da sarƙa, a tokare ta da katako, a tura wata a ƙarƙashinta. Ta saman ranar wata jif ce mai tsada, ta wani babban mutum a Legas. Yaron ne ke jan sarƙar, da hannun da bai gama warkewa ba. Ina tsaye a bakin janwe na ga sarƙar ta kuɓuce masa. Jif ɗin ta sauko da ƙarfi ta murƙushe rufin ta ƙasa, gilasai suka tarwatse har waje.

Oga ya fito daga ofis da gudu. Bai kalli motocin sosai ba. Ya sunkuya ya ɗauki sifanar kwance taya, irin doguwar nan mai lanƙwasa. Yaron ya fito daga kwantena yana ɗaga hannaye, yana cewa sori sa, sori sa. Ƙarfen ya same shi a gefen kai, saman kunnen hagu. Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga jikin mutum ba. Ya zube a kan gilasan. Oga ya bi shi da ƙafa, a ciki, a baya, a fuska, yana ihu da yarensu.

Na taho da gudu ina salati. Kafin in iso yaron ya miƙe. Jini ya rufe masa rabin fuska, yana tsiyaya daga cikin kunnen. Ya yi wani irin kuka mai kama da gurnani, ya cakumi wuyan Oga da hannu biyu, har da karyayyen, ya tura shi baya ya buga kansa da gilashin wata mota. Ya sake bugawa. Gilashin ya tsattsage. Idanun Oga suka firfito, harshensa ya leƙo, ƙafafunsa na shure-shure. Na riƙe yaron ta baya ina ce masa, "Sake shi! Za ka yi kisa! Sake shi!"

Ya saki. Ya tsaya yana kallon hannayensa. Sai ya fara cewa, "Sori, sa," a hankali.

Oga bai saki sifanar ba duk wannan lokaci. Ya yi tari, ya ja numfashi, ya ɗaga ta da hannu biyu ya nufi tsakiyar kan yaron. Na ture yaron gefe. Ƙarfen ya sauka a kafaɗata ta dama, na ji ƙashi ya ce ƙaras, hannuna ya saki kamar ba nawa ba. Na durƙusa. Da Oga ya ga ni ya samu, sai ya jefar da sifanar ya dafe kai. "Malam! Malam, ba kai ba ne! Wayyo, ba kai ba ne!"

Wata baƙar fata da ta fito daga gidan wankin kaya da kwandonta ta riga ta kira 'yan sanda. Suka iso da jiniya, bindigogi a hannu, suna ihu kowa ya kwanta. Muka kwanta mu uku a kan fasassun gilasai, ni ina ihun kafaɗata. Aka sa wa Oga ankwa, aka sa wa yaron ma, sai da matar nan ta nuna musu abin da ta ɗauka a waya suka kwance shi. Motar asibiti ɗaya ta kwashe mu. Yana kwance, an naɗe masa kai, yana ta tambayata, "Malam, sun tafi da Oga? Ina za su kai shi?"

A asibiti, bayan an yi masa ɗinki an ɗaure mini kafaɗa, wata jami'a ta zo ta zauna kusa da gadonsa. Ta tambaye shi inda yake kwana, wa ke riƙe da takardunsa, ko ana biyansa. Ya juya fuska bango. Sai ta juyo gare ni, ni kuwa na faɗa mata duk abin da idona ya gani, tun daga fambel. Da ta fita ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Malam, ka kashe ni."

Gidana aka sallamo shi. Kafin mu isa labari ya riga ya kai ƙauyensu. Uwarsa ta kira, ina jin muryarta daga inda nake zaune, kuka da faɗa a haɗe. Ya kara wayar a kunnen hagu, ya cire, ya duba ta, ya mayar kunnen dama. A nan muka fara gane cewa na hagun ya tafi. Likita ya tabbatar daga baya.

Ran Asabar dattawan ƙungiyar 'yan garinsu suka zo, su huɗu, suka cika mini ɗan falona. Babbansu wani tsoho ne mai kantin kayan abincin Afirka, wanda muke sayen manja da garin rogo a wurinsa. Da farko biyu daga cikinsu suka fara da cewa a janye magana, a sasanta a gida, abin kunya ne a ji Ibo ya kai Ibo gaban Bature. Sai tsohon ya miƙe. Ya ce wa yaron ya cire riga. Ya sa tabarau, ya zagaya shi a hankali, yana taɓa tabon ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Ya koma ya zauna. Da Hausarsa ta tsohon mazaunin Kaduna ya yi magana, don in ji.

"Ni ma na yi wa ubangida hidima. Ya mare ni, ba zan ɓoye ba. Amma da zazzaɓi ya kama ni, a bayansa ya goya ni zuwa asibiti. Na sallami yara da yawa da hannuna, ba wanda ya bar gidana da nakasa. An ba mutumin nan ɗa ne ya riƙe. Ku dubi abin da ya mayar mana." Ya juya ga sauran. "Wanda ke son a janye, ya fara kawo nasa ɗan a yi masa haka."

Ya karɓi waya ya kira uwar, suka daɗe suna magana da yarensu. Ban ji abin da ya ce mata ba, amma da ya miƙa wa yaron wayar, kukan da take yi ya canja, shi ma ya fashe da nasa. Washegari matar Oga ta kawo fasfon da jakar kayansa, ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Shari'a ta ja lokaci. Yaron ya ƙi buɗe baki a kan ubangidansa, ko da lauyar wata ƙungiya mai taimakon baƙi ta karɓi maganar takardunsa. Ni na yi magana, hoton matar nan ma ya yi. Oga ya amsa laifin duka, aka yi masa ɗaurin talala, aka hana shi kusantar yaron. Dattawa suka matsa masa ya ba da wani abu na shekarun da aka yi masa hidima. Ya ba da kaɗan, da ƙyar. Ni kuwa na yi watanni ban tuƙa janwe ba, har yau hannun ba ya ɗaguwa sama da kaina.

Yaron ya yi sanyin shekarar a gidanmu. Ciwon kai na kwantar da shi yini guda. In murfin tukunya ya faɗi a kicin, sai ka ga ya kare kansa da hannu. Amma yana wasa da yarana, suna yi masa Turanci yana mayar musu da Hausa, suna dariyar wai ya fi su iyawa.

Wata rana da la'asar yana gyara wa ɗana ƙarami keke a bakin ƙofa. Ya ba shi noti ya riƙe, notin ya faɗi ya gangara cikin magudanar ruwa. Ina zaune a baranda na ga hannunsa ya tashi ya sauka a ƙeyar ɗan nawa, da ƙarfin da ya kifar da shi a kan keken. Leɓensa ya fashe. Ɗana ya ƙwala ihu, uwarsa ta fito da ludayi a hannu, ta ga jini.

"Me ya yi maka? A gidana? Bayan duk abin da..." Ta ɗauki ɗanta ta shige.

Yaron Oga ya zauna a kan matakala, ya sa hannun tsakanin gwiwoyinsa ya matse. Na zauna kusa da shi, ta ɓangaren kunnen da ke ji.

"Ban san lokacin da ya tashi ba, Malam," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Da magariba ya shiga ya durƙusa wa matata, ya durƙusa wa ɗan nawa ma. Ta ce ya wuce, amma ta daina barin sa da yaranmu su kaɗai, shi ma ya lura. Bayan sati ya je wurin tsohon mai kanti ya ce a nema masa aiki a wani gari. Tsohon ya haɗa shi da wani da ya taɓa yi masa hidima, mai shagon tayoyi a Charlotte. Aiki da albashi, da ɗakinsa na kansa. Nas ɗin nan ta sa ya yi mata alkawarin zai riƙa ganin likitan da ke sauraron masu irin damuwarsa.

Ranar tafiyarsa na ɗauke shi a motar matata zuwa tasha. Muna kan Gate City Boulevard ya ce in rage gudu. Filin na nan yadda yake, an ƙara tutoci masu launi a kan shinge. Wani yaro da ban taɓa gani ba yana wanke mota a bakin titi, cikin rigar sanyi da ta yi masa yawa.

"Tsaya, Malam."

Na ce, "Kar ka shiga."

"Ba zan shiga ba."

Ya sauka ya tsaya a wajen shinge, ya kira yaron da yarensu. Yaron ya waiga ofis, sannan ya matso da soso a hannu. Suka yi magana kaɗan. Na ga ya juya kansa ya nuna masa ɗinkin da ke saman kunnensa, ya karɓi wayar yaron ya danna lambobi ya mayar masa. Labulen tagar ofis ya motsa, na hango Oga a tsaye yana kallo. Bai fito ba.

Ya dawo ya shiga mota ya ja bel. "Ɗan ƙanwar matar Oga ne," ya ce. "Na sa masa lambata, da ta Anti nas, da taka. Ka yi haƙuri ban tambaye ka ba."

Na ce ba komai. Muka wuce tasha, muka tarar motar Charlotte har ta fara lodi.